Yadda Ake Shirya Tafiyar Bishara ta Mako Biyu Zuwa Jamhuriyar Nijar, da Yadda Ake Zama a Can

Idan damina ta ɗauke aka shigar da amfanin gona gida, lokacin ne ƙungiyoyin matasa da na zumuntar mata a ikilisiyoyinmu na arewacin Najeriya sukan fara maganar fita bishara, kuma a cikinsu akwai waɗanda zuciyarsu takan karkata zuwa ƙetaren iyaka, wato Jamhuriyar Nijar. Dalilin a fili yake, domin harshe ɗaya ne, abinci kusan iri ɗaya ne, tafiyar kuma ba ta fi ta yini guda a mota ba. Sai dai wannan kusancin shi ne yake ruɗin mutane da yawa, har su ɗauka cewa zuwa Maraɗi daidai yake da zuwa Funtuwa. Na taɓa jagorantar irin wannan tafiya, na ga inda muka dace da inda muka yi kuskure, kuma babban abin da na koya shi ne cewa mu za mu koma gida bayan kwana 14, amma 'yan'uwan da suka sauke mu su ne za su ci gaba da zama da maƙwabtansu, da mai gari, da jandarma, da duk abin da bakinmu ya faɗa ko hannunmu ya aikata. Duk matakan da zan kawo a nan da wannan ma'auni na auna su.

A fara da gayyata

Mataki na farko shi ne a tabbata akwai ikilisiyar da ta ce ku zo. Nijar ba ƙasa ba ce da bishara ba ta taɓa shiga ba. Mishan ɗin SIM, wato ƙungiyar masu bishara ta Sudan Interior Mission, ya fara aiki a Damagaram tun 1924, daga baya ya kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi, ya buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan ga asibitin Danja da ya daɗe yana kula da masu cutar kuturta. Daga wannan aiki ne ekklesiyar EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, ta fito, kamar yadda ECWA ta fito daga aikin SIM a Najeriya a 1954, kuma akwai Katolika da Baftis da Assemblies of God da wasunsu. Masu bi a can 'yan kaɗan ne, tun da ƙidayar 2012 ta nuna kimanin kashi 99 cikin 100 na jama'ar ƙasar Musulmi ne, amma suna da fastocinsu da dattawansu da makarantun Littafi Mai Tsarki nasu, sun kuma san ƙasarsu fiye da yadda wani baƙo zai taɓa saninta.

Saboda haka ku rubuta wasiƙa ta hannun shugabannin ɗarikarku, ko ta sashen mishan idan kuna da shi, kamar yadda 'yan ECWA suke da EMS, zuwa ga shugabannin ikilisiyar can. A cikin wasiƙar kada ku jera abin da kuke so ku yi. Ku tambaye su abin da suke bukata, da lokacin da ya dace da su, da yawan mutanen da za su iya saukewa ba tare da sun shiga takura ba. Mai yiwuwa ku kuna tunanin babban taron wa'azi a fili, su kuwa abin da ke damunsu shi ne rufin ɗakin sujada da iska ta yaye, ko koyar da malaman makarantar Lahadi, ko ma'aikaciyar jinya da za ta taimaka na 'yan kwanaki. Abin da suka faɗa shi ne aikinku. Idan sun amsa, ku tura mutum biyu su je su gani da idonsu kamar wata uku kafin tafiyar, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Su duba wurin kwana, da rijiya ko famfo, da bayan gida, da asibiti mafi kusa, su kuma zauna da faston su rubuta tsarin kowace rana tare.

A nan ne kuma za a yi maganar tsaro ƙarara, ba tare da kunya ba. Yankunan Tilaberi da Difa da arewacin Tawa ba wuraren da ƙungiyar baƙi za ta nufa ba ne. A garin Abalak da ke yankin Tawa aka sace wani Ba'amurke ma'aikacin mishan, Jeffery Woodke, a watan Oktoba na 2016, bai kuɓuta ba sai a watan Maris na 2023. Hanyoyin Jibiya da Illela a ɓangarenmu, da ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji a ɓangarensu, duk sun sha fama da 'yan bindiga. Ku yi yarjejeniya tun farko cewa idan masu masauki suka ce a dakata, ko da saura kwana ɗaya ne a tashi, za a dakata, kuma ba wanda zai kira wannan rashin bangaskiya.

Lokaci da mutane

Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi dacewa, domin an gama aikin gona, mutane suna gida, zafi kuma da sauƙi, ko da yake sanyin hunturu da asuba yakan kama jiki sosai. Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, damina kuwa kowa yana gona kuma sauro ya yi yawa. Ku duba kalanda ku ga ko tafiyar za ta faɗa cikin watan azumi, domin hakan zai canza tsarin yininku gaba ɗaya.

Mutum 6 zuwa 10 sun isa. Duk wanda aka ƙara bayan haka baki ne da za a ciyar da tabarmar da za a nemo. A samu dattijo ɗaya aƙalla, domin a ƙauyen Hausa furfura tana buɗe ƙofar da takardar makaranta ba ta buɗewa, a samu mata manya biyu ko uku, domin su kaɗai ne za su iya shiga cikin gidaje, a samu mai ilimin jinya, a kuma samu wanda yake jin Faransanci ko kaɗan ne saboda ofisoshi da shingayen hanya. Kada a zaɓi mutum don yana da kuɗin mota kawai, ko don iyayensa suna fatan tafiyar za ta gyara masa hali. A Ayyukan Manzanni sura 13 ikilisiyar Antakiya ce ta keɓe Barnaba da Shawulu bayan azumi da addu'a, ta ɗora musu hannu ta sallame su, kuma haka ya kamata dattawanku su yi, su san kowane mai tafiya da sunansa da halinsa. Waɗanda aka zaɓa su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako har tsawon wata biyu, suna addu'a, suna nazarin Luka sura 10, suna kuma gwada ba da shaidarsu da Hausa zalla cikin minti biyar. Wannan na ƙarshen ya fi wuya fiye da yadda ake zato, domin Hausarmu ta birni cike take da Turanci, kuma mutumin Gobir ko na Adar ba zai gane rabinta ba.

Takardu, allura da kuɗi

Tun bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023 al'amuran iyaka sun sauya. An rufe iyaka na wasu watanni, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris na 2024, sannan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata a ranar 29 ga Janairu 2025. Don haka kada ku dogara da labarin wanda ya je shekarun baya ya wuce da katin zaɓe. Kowa ya mallaki fasfo mai sauran wa'adi, jagora kuma ya je ofishin jakadancin Nijar ya tambayi abin da ake nema a wannan lokacin. A riƙe wasiƙar gayyata mai hatimin ikilisiyar can, da wasiƙar ikilisiyarku, da jerin sunayen matafiya, a yi kwafi uku na kowace takarda, ɗaya a hannun mai ita, ɗaya a jakar jagora, ɗaya a bar shi a ofishin ikilisiya a gida tare da lambar wayar dangin kowa.

Katin rigakafin shawara, wanda ake kira katin rawaya, wajibi ne, kuma allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, saboda haka a yi ta da wuri. Kada a sayi katin ba tare da an yi allurar ba, domin wannan ƙarya ce a gaban Allah, haɗari ne kuma ga jiki. A nemi rigakafin sanƙarau ma, tun da rani ne lokacinsa. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko asma ya ga likitansa, ya ɗauki maganin da zai ishe shi fiye da kwanakin tafiyar, ya kuma sanar da mai jinyar ƙungiya.

Kuɗin ƙasar shi ne sefa, kuma ya fi sauƙi a canza a wurin wanda masu masauki suka amince da shi. Akwai abin da yakan rikita sabon zuwa a kasuwa, wato lissafi da dala. Dala ɗaya sefa 5 ce, don haka dala ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari sefa 500, jika kuwa sefa 1,000. A tafiyarmu wani saurayi ya tsaya sayen ƙosai, mai tuya ta ce masa dala hamsin, ya miƙa mata ƙwandalar 50 ya juya zai tafi, sai ta bi shi da kallo tana dariya ta ce, “Ɗana, kai baƙo ne ko? Saura dala arba'in.” Ku koyi wannan lissafi tun a gida. Kuɗin ƙungiya kuma mutum biyu ne za su riƙe, ɗaya da jaka ɗaya da littafi, a rubuta ko da kuɗin ruwan leda ne, kamar yadda Bulus ya kiyaye a 2 Korantiyawa sura 8 don kada wani ya sami abin zargi game da gudummawar da aka tara. A cikin kasafin a saka kuɗin abincinku cikakke da za a damƙa wa masu masauki tun ranar isa. Iyalin da ke auna hatsi da tiya don ya kai su damina ba za su taɓa ce muku nauyi ya yi musu yawa ba, za su yanka kaza su yi murmushi, bayan tafiyarku kuma su ci bashi.

Kaya kaɗan ne ake bukata: gidan sauro ga kowa, tabarma ko ƙaramar katifa, bargo, tocila, buta, sabulu, Littafi Mai Tsarki na Hausa da littafin waƙoƙi, da mahaɗin caji mai baki biyu zagayayye, domin soket ɗinsu irin na Faransa ne. Maza su ɗauki kaftani ko dogon wando, mata zane da ɗankwali da mayafi. Riguna masu ɗauke da manyan rubuce-rubucen yaƙin bishara a bar su a gida.

Hanya

Masu zuwa Maraɗi sukan bi ta Katsina da Jibiya zuwa Ɗan Isa, masu zuwa Galmi su bi ta Sakkwato da Illela zuwa Birnin Ƙonni, masu zuwa Damagaram kuma ta Daura da Kwangwalam. Kowace aka zaɓa, a tashi da sassafe a isa kafin la'asar, ba a tafiyar dare ko da me ya faru. Shawarata ita ce kada a ƙetara da motar ikilisiya mai suna a jiki. A sauka a iyaka a shiga motar da masu masauki suka tanada, ɗaya daga cikinsu kuma ya zo ya tarye ku. A wurin 'yan sanda da duwan, wato kwastan, da jandarma mutum ɗaya ne zai yi magana, sauran su yi shiru, su cire tabarau, su ajiye waya. Idan aka tambayi abin da ya kawo ku, a faɗi gaskiya, wato kun zo ziyarar ikilisiya kaza bisa gayyatarta, ga wasiƙa. Ba a ɗaukar hoton soja, ko shinge, ko gada, ko ginin gwamnati.

Kwana biyun farko na gaisuwa ne

Wannan shi ne matakin da masu zumuɗi suke tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin sauran. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Washegarin isowarku faston zai kai ku gaban mai gari ko sarki, da hukumar garin idan ya ga ya dace, da maƙwabtan majami'a, sau da yawa har da limamin unguwa. A cire takalmi daga nesa, a durƙusa, dattijon ƙungiya ya yi gaisuwa: “Ranka ya daɗe, mu baƙin Fasto ne daga Najeriya, mun zo gaishe ka, mun kuma zo neman izinin zama a garinka na 'yan kwanaki.” A tafi da goro ko sukari da ganyen shayi gwargwadon abin da faston ya ce. Kada a yi gaggawar tashi, kada kuma a mai da gaisuwar wa'azi. Na ga yadda wani mai gari, bayan mun zauna a zaurensa kusan awa guda muna maganar damina da tsadar taki da farashin albasa, ya kira ɗansa ya ce ya raka mu duk inda za mu je a garin. Wannan rakiyar ta fi kowace takarda da muka zo da ita amfani.

A cikin waɗannan kwanaki ku buɗe kunne ga harshe. Za ku ji ana cewa tahiya a maimakon tafiya, hwari a maimakon fari, shina zuwa a maimakon yana zuwa. Hatsi a can gero ake nufi, lakwal makaranta ce ta boko, wanda ya ce zai tafi likita kuwa asibiti za shi. Kada kowa ya kwaikwayi karin harshensu don ban dariya, kada kuma a riƙa cewa “a wurinmu ba haka ake yi ba”.

Yadda yini yake tafiya

Ku tashi da asuba, kusan lokacin da kiran salla zai tashe ku ko ba ku so. Kowa ya sami rabin awa shi kaɗai da Littafi Mai Tsarki kafin a haɗu, kamar yadda Markus 1:35 ya nuna Ubangiji yana fita tun da sauran duhu zuwa wurin da ba kowa don addu'a. Na nace a kan wannan domin a irin wannan tafiya mutum yakan shagala da aikin Allah har ya kwana biyar bai zauna da Allah ba, daga nan sai gajiya ta koma fushi. Bayan haka a yi addu'ar safe tare da masu masauki, su ma a ba su jagorancin wasu ranaku, kuma za ku yi mamakin abin da za ku koya daga addu'ar mutumin da danginsa suka ƙaurace masa shekara ashirin saboda bangaskiyarsa.

Aikin ƙarfi, kamar ɗaukar bulo ko kwaɓa siminti ko dashen itace, a yi shi daga ƙarfe 7 zuwa 11. Idan gini ne, magini na garin shi ne shugaba kuma a biya shi haƙƙinsa, ku kuwa leburorinsa ne, domin bai dace ku zo ku ƙwace aikin da mutum yake ci da iyalinsa da shi ba. Daga azahar zuwa la'asar a huta, haka kowa yake yi a can kuma akwai hikima a ciki. Da yamma ne lokacin ziyara biyu-biyu, kowane biyu tare da mai bi ɗan garin, mata wajen mata, maza a dandali ko gindin bishiya inda ake dafa shayi. Bayan cin abincin dare a zauna minti talatin, kowa ya faɗi abin da ya gani, abin da ya dame shi, da wanda yake so a yi wa addu'a, sannan a duba tsarin gobe a kwanta da wuri a cikin gidan sauro.

Aikin gida ma a raba shi. Samari su ɗebo ruwa su faskara itace, 'yan mata da mata su shiga madafa tare da matar fasto, kowa ya wanke kayansa. Ruwa a can da igiya da guga ake samunsa a wurare da yawa, wani lokaci daga rijiya mai zurfin gaba da yawa, saboda haka bokiti ɗaya ya ishi mutum wanka.

Game da abinci umarnin Luka 10 a sarari yake, wato ku ci abin da aka sa a gabanku, kada kuma ku riƙa sauya masauki. Za a kawo muku fura, da tuwon hatsi da miyar kuka, da dambun zogale, wataƙila da shinkafa ranar Lahadi. Ku ci da godiya, kada wani ya koma ɗaki ya buɗe gwangwanin kifi a ɓoye yaran gida suna jin ƙanshi. Ruwan sha ne kaɗai za a yi taka-tsantsan da shi, a tafasa ko a sa maganin tsabtace ruwa, a kuma gaya wa masu masauki a fili cewa cikin baƙo ne bai saba ba. Idan gudawa ta kama wani, a haɗa masa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa. Zazzaɓi kuwa a gwada jini a ranar, idan kuma ya zo da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, a nufi asibiti nan take ba tare da jiran safiya ba.

Maganar bangaskiya

A watan Janairu na 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, abin da masu bi na Nijar ba su da hannu a ciki ko kaɗan. A 2019 kuma majalisar dokokin ƙasar ta amince da dokar da ta tsara yadda ake gudanar da ibada da wa'azi. Duk wanda ya san waɗannan abubuwa biyu zai gane dalilin da ya sa ba za ku kafa lasifika a kasuwa, ko ku nuna majigi a fili, ko ku raba takardu a ƙofar makaranta ba, sai idan faston da dattawansa sun ce a yi kuma sun nemo izini. Kada a buga ganga ko a ɗaga murya lokacin salla, musamman ranar Juma'a, kuma idan azumi ake yi kada a ci ko a sha a bainar jama'a.

Wannan ba ya nufin a ɓoye ko su wane ne ku. Mutane za su tambaye ku, domin baƙon da ya bar gidansa ya zo ɗaukar bulo kyauta abin tambaya ne. Idan an tambaya, ku amsa kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ya koyar, da tawali'u da ladabi, ku faɗi abin da Almasihu ya yi muku da dalilin begenku, ba tare da kushe addinin mai sauraro ko ambaton abin da yake girmamawa da raini ba. Gardama a dandali ba ta taɓa kawo kowa ga tuba ba a iya sanina, sai dai ta bar wa faston rigima. Idan kun shiga gida kuka tarar da mara lafiya, ku nemi izini kafin ku yi addu'a, ku yi ta a taƙaice da murya mai sauƙi. Yara kuma ba a koya musu komai sai da sanin iyayensu, ba a kuma jawo su da alewa. Idan wani ya nuna yana son ƙarin bayani, ku haɗa shi da faston a asirce, kada ku rubuta sunansa a rahoto, kada ku ɗauki hotonsa, domin abin da a wurinku labari ne mai daɗi, a wurinsa yana iya zama rasa mata da gona da gado.

Yana da kyau masu tafiya su san labarin Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki da SIM a Maraɗi. Ya yi shekaru yana dasa itatuwa suna mutuwa, kafin a wajen 1983 ya lura cewa kututturan da manoma suke sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, kuma idan aka bar 'yan rassa aka kula da su sai su koma bishiya. Manoman yankin ne suka ɗauki dabarar suka yaɗa ta da kansu, har ta kai ga farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. Wanda ya zo na mako biyu ya tuna cewa shekaru wannan aikin ya ɗauka, sai ya rage ɗokin ƙirga mutum nawa suka ɗaga hannu, ya mai da hankali ga ƙarfafa waɗanda ya tarar.

Kusan kwana na biyar ko na shida saɓani yakan taso a cikin ƙungiya, a kan abinci, ko wanda ba ya aiki, ko wanda yake yawan magana. Bulus da Barnaba ma sun rabu a kan Yohanna Markus, don haka kada a firgita. Jagora ya kira mutanen biyu gefe a daren, a yi magana, a nemi gafara, kada a bari masu masauki su ji ana musayar kalamai a gidansu. Samari da 'yan mata kuma ba sa keɓewa, ko da a gida an san suna neman juna.

Kyauta, alkawari da bankwana

Za a roƙe ku abubuwa, kuma yawancin bukatun na gaskiya ne. Ka'idar ita ce ba wanda zai ba da kuɗi ko waya ko tufafi shi kaɗai, duk kyauta ta bi ta hannun dattawan ikilisiyar, domin su suka san wanda ya fi bukata, su ne kuma za su sha ƙorafi idan aka ba wani aka hana wani. Alkawari ya fi kyauta haɗari. A tafiyarmu ta farko wata 'yar'uwa, cikin tausayi, ta ce wa wani yaro za ta ɗauki nauyin karatunsa a Najeriya. Ta dawo gida al'amura suka sha mata kai, yaron kuwa ya yi shekara yana zuwa gidan faston yana tambaya ko saƙo ya iso. Har yau idan na tuna nakan ji nauyi a zuciyata. Abin da ba ku da tabbacin cikawa kada ku furta shi, ko da da “in Allah ya yarda” ne, domin mai bukata alkawari yake ji.

Hotuna a nemi izini kafin a ɗauka, kuma kada a saka komai a Facebook ko WhatsApp sai an dawo, sai kuma faston ya ga abin da za a saka ya amince. Sunan ƙauye da fuskokin sababbin masu bi ba sa fita.

Kwana ɗaya kafin tashi a koma wurin mai gari da maƙwabta a yi sallama kamar yadda aka yi gaisuwa, a biya duk wani bashi na mai shago ko mai ruwa, a share masauki, a bar gidajen sauro da ragowar magunguna a hannun wanda ya san amfaninsu. A zauna da dattawa a tambaye su kai tsaye, “Baba, me muka yi da ya ba ku wahala, me kuma za mu gyara idan Allah ya sake kawo mu?” Da farko za su ce babu komai, sai an yi haƙuri an sake tambaya kafin su faɗa, kuma abin da suka faɗa a rubuta shi.

Idan kun iso gida, Lahadi ta farko ku tsaya gaban ikilisiyar da ta aike ku ku ba da rahoto, kamar yadda Bulus da Barnaba suka tara ikilisiyar Antakiya a Ayyukan Manzanni 14:27 suka faɗi abin da Allah ya yi. A karanta lissafin kuɗi har sefa ta ƙarshe, a faɗi abin da ya faru ba ƙari, a kuma ambaci aikin masu masauki kafin naku. Duk wanda zazzaɓi ya kama cikin makonnin da suka biyo baya ya je asibiti ya ce ya yi tafiya. Daga nan a naɗa mutum ɗaya da zai riƙa kiran faston can sau ɗaya a wata, yana karɓo bukatun addu'a yana kawowa taron tsakiyar mako, a kuma sa rana a cikin wata na uku da dattawa za su zauna su duba ko za a gayyato faston da matarsa su zo su yi mako guda a wurinku, kuɗin motarsu zuwa da komawa a kan ikilisiyarku.